Yadda ake zaɓen kayan girki na silikon a maimakon na roba

Ɗauko cokalin robar da kike juya suya da shi, ki duba bakinsa a wuri mai haske. Idan gefen ya nannaɗe, ya yi kaushi, ko ya fara fitar da zare-zare, to abin da ya zaizaye daga wurin ba iska ce ta kwashe shi ba, cikin abinci ya tafi. Wannan shi ne babban dalilin da ke sa mutane komawa ga silikon, wani abu mai laushi kamar roba amma mai jure zafi, kuma dalili ne mai ƙarfi. Sai dai ba duk robar da ke kicin ce ke buƙatar canji ba, kuma ba duk abin da aka rubuta wa silikon a kwali ne ya cancanci shiga tukunya ba. Wadda ta kwashe robobinta gaba ɗaya ta zubar, ta sayo saitin silikon mai kala-kala wanda ba ta san asalinsa ba, ba ta rabu da matsalar ba, launi kawai ta sauya mata. Ga yadda za a bi abin daki-daki.

Mataki na ɗaya: ware abin da ke hannunki

Zazzage durowar cokula a kan tebur, ki kasa su kashi uku: waɗanda ke shiga mai mai zafi ko su taɓa gindin kasko, waɗanda ke shiga miya ko ruwan zafi, da waɗanda ba sa ganin wuta sam, kamar cokulan awo da kofin awo da mazurari. Kashi na farko shi ne na gaggawa, na biyu ya biyo baya, na uku kuwa ki bar su su ci gaba da aikinsu har su mutu da kansu.

Dalilin wannan rabo zafi ne. Ruwa yana tafasa a digiri 100 na ma'aunin Selshiyos, kuma miya ba ta wuce nan da yawa. Man suya kuwa yana kai 170 zuwa 190, sannan kaskon da aka bari a kan wuta mai ƙarfi babu komai a ciki yana iya haura 260 cikin 'yan mintuna. To robar da ake kira folifurofilin, wadda za ki ga an buga mata lamba 5 ko haruffan PP a jiki, tana narkewa a wajen digiri 160 zuwa 165. Ke nan man suya kaɗai ya isa ya narkar da ita. Nailan, wanda baƙaƙen cokulan girki da yawa da shi ake yin su, ya fi ta juriya, ana rubuta masa kusan digiri 200, amma daƙiƙoƙi kaɗan a jingine da bakin kasko sun isa su yi masa tabo.

Ba narkewa kaɗai ake gudu ba. A shekarar 2019 hukumar tantance haɗari ta ƙasar Jamus, wadda ake taƙaita sunanta da BfR, ta ba da shawarar a rage daɗewar cokulan nailan a cikin abincin da zafinsa ya wuce digiri 70, saboda wasu ƙananan sinadarai da suka rage a jikin robar tun daga masana'anta suna iya fita su shiga abinci. Ita dai wannan iyaka ta digiri 70 ita hukumar ta gindaya wa kayan melamin, wato robar nan mai tauri da sheƙi da ake yin faranti da ludayi da ita. Tun 2011 ma Tarayyar Turai ta kafa doka cewa kayan kicin na nailan da melamin da ake shigowa da su daga China da Hong Kong sai sun zo da takardar gwaji kafin a bar su su shiga kasuwa.

Akwai kuma batun baƙar roba da ya tayar da ƙura a 2024. Wani bincike da aka buga a mujallar Chemosphere ya duba kayayyaki 203 na baƙar roba, har da cokulan girki, ya sami sinadaran hana kama wuta a wasunsu, irin waɗanda ake sa wa jikin talabijin da kwamfuta, alamar cewa da tsofaffin kayan lantarki aka narka aka yi su. Daga baya masu binciken suka gyara wani kuskuren lissafi: iyakar da hukumar kare muhalli ta Amurka ta ce ba ta cutarwa ta ninka abin da suka rubuta da farko sau goma, saboda haka haɗarin bai kai yadda jaridu suka fara yayatawa ba. Duk da haka sinadaran suna nan inda aka same su, kuma babu abin da suke yi a cikin ludayi. A ganina baƙin cokalin da ba a san kamfaninsa ba, ba a rubuta masa komai a jiki ba, shi ya kamata ya fara barin kicin.

Mataki na biyu: san abin da silikon zai iya da abin da ba zai iya ba

Tushen silikon sinadarin silika ne, wanda ke cikin yashi da duwatsu. Ana sarrafa shi a haɗa da wasu sinadarai har ya zama wani abu mai laushi da talewa. Bambancinsa da roba yana cikin ginin ƙwayoyinsa: roba a kan sarƙar kabon take, shi kuwa sarƙarsa ta oksijin ce da sinadarin da ake cirowa daga silika, kuma wannan haɗin ya fi wuyar tsinkewa da zafi. Shi ya sa silikon mai kyau yake jure daga digiri 40 ƙasa da sifili har zuwa 220 ko 260, ba ya narkewa ya ɗiga, ba ya tauri ya karye a firiza, kuma ba ya karce kaskon da aka yi wa shafen hana kamu.

Amma kada a yaudare ki da cewa abu ne na halitta don an ce daga yashi ya fito. Kayan masana'anta ne, ba ya ruɓewa a ƙasa, kuma wuraren da ke sake narka roba ba kasafai suke karɓarsa ba. Ribarsa ga muhalli guda ce: yana daɗewa, don haka ba a yawan saye, ba a yawan zubarwa. Yana da aibunsa kuma. Yana riƙe wari, yana kama launi, wuƙa tana yanka shi cikin sauƙi, harshen wuta yana ƙona shi, sannan idan ba a gama sarrafa shi da kyau ba yana iya sakin ragowar sinadarai cikin abinci mai maiƙo. Wannan na ƙarshe shi ne dalilin mataki na huɗu, wanda ya fi kowanne muhimmanci.

Mataki na uku: rubuta abin da kike buƙata kafin ki ga kaya

Saitin nan mai guda goma sha biyu da ke zuwa cikin ɗan bokitinsa yana da kyan gani, amma a yawancin kicin uku ko huɗu ne ke aiki, sauran ado ne. Fara da cokali mai faɗi na juya abu a kasko, da cokalin gauraya miya, da mai laushin baki wanda ake yashe gefen kwano da shi. Wannan na ukun shi ne inda silikon ba shi da na biyu, domin yana lanƙwasa ya bi jikin kwano ya kwaso komai tas. In kina yawan amfani da tukwane masu shafe, ƙara da ludayi da abin kama nama mai baki biyu wanda aka lulluɓe bakinsa da silikon. Buroshin shafa mai ma yana da amfani, tunda gashinsa ba ya zubewa kuma yana wankuwa.

Akwai aikin da ba na silikon ba ne. Kankare ƙanzo a gindin tukunyar ƙarfe, ɗaga abu mai nauyi, tuƙa abu mai kauri, gashi a kan garwashi, duk waɗannan ƙarfe marar tsatsa ko katako sun fi dacewa da su. Idan tukwanenki duka na ƙarfe ne zalla, babu mai shafe a ciki, to gaskiya cokalin yashe kwano da buroshi kaɗai sun wadace ki, sauran ki nemi na ƙarfe.

Mataki na huɗu: karanta rubutun da ke jikin kaya

Abu na farko da za ki nema shi ne adadin zafin da kayan ke jurewa, a rubuce da lamba. "Mai jure zafi" ba tare da lamba ba, magana ce kawai. Ki nemi aƙalla digiri 220 ko 230. Wasu kamfanoni da ma'aunin Farenhait suke rubutawa, inda za ki ga harafin F: 400 F daidai yake da kusan digiri 204 na Selshiyos, 450 F kusan 232, 500 F kuma 260. Kula da wannan sosai, domin 230 F bai wuce digiri 110 na Selshiyos ba, wanda ba zai jure man suya ba. Haka kuma ki duba ko lambar ta cokalin gaba ɗaya ce ko ta kansa kaɗai. Sau da yawa kan yana jure 260 amma mariƙin roba ne da zai narke da zarar ya kwanta a bakin kasko.

Na biyu, shaidar cewa an yi shi ne don taɓa abinci. Akwai wata alama ta kofi da cokali mai yatsu a gefe da gefe, wadda dokar Tarayyar Turai mai lamba 1935/2004 ta tanada don kayan da aka ƙera saboda abinci. Ban da ita, sunaye biyu ne za ki fi cin karo da su: FDA da LFGB.

FDA hukumar abinci da magunguna ce ta Amurka, kuma ƙa'idarta da ta shafi silikon tana sashe na 177.2600 na dokokinta. Ana tafasa kayan a ruwa da wani sinadari mai narkar da maiƙo, a auna nawa ne ya fita daga jikinsa. Abin lura a nan shi ne hukumar ba ta ɗaukar cokula ɗaya bayan ɗaya ta sa musu hannu. In kamfani ya rubuta FDA, yana nufin shi da kansa yake cewa kayansa sun cika ƙa'idar. LFGB kuwa dokar abinci da kayan masarufi ce ta Jamus, kuma gwajin da ake yi a ƙarƙashinta ya fi tsauri. A cikinsa akwai sharaɗin cewa idan an gasa silikon a digiri 200 na tsawon awa 4, abin da zai tashi daga jikinsa kada ya wuce kashi 0.5 cikin ɗari na nauyinsa, kuma kada ya sauya wa abinci ɗanɗano ko ƙamshi. Idan kayayyaki biyu suna gabanki, ɗaya da FDA ɗaya da LFGB, ɗauki mai LFGB.

Na uku, yadda aka daskarar da shi. Ɗanyen silikon kamar ƙullu yake, sai an sa masa wani sinadari an gasa shi kafin ya tsaya da siffarsa. Hanyoyi biyu ake bi. Ta farko da sinadarin feroksaid, ta fi sauƙin kuɗi ga masana'anta, amma tana barin ragowa a jikin kayan, sai an sake gasa su na sa'o'i kafin ragowar ta fita. Ta biyu da filatinum, wani ƙarfe mai daraja, ba ta barin irin wannan ragowa, kayanta ba su cika wari ba, kuma ba sa saurin komawa ruwan ɗorawa. Kamfanin da ya yi amfani da filatinum ba ya ɓoyewa, domin abin talla ne a wurinsa. Wannan ba ya nufin duk na feroksaid gurɓatacce ne, in an yi masa gashi na biyu yadda ya kamata yana cika ƙa'ida. Matsalar ita ce gashi na biyun yana cin lokaci da wutar lantarki, kuma shi ne abu na farko da mai son rage kuɗin aiki yake tsallakewa.

Me ke fita idan an tsallake? Galibi wasu ƙananan sinadarai ne da ake kira D4 da D5 da D6, waɗanda hukumar kula da sinadarai ta Turai ta sa a jerin abubuwan da ake matuƙar damuwa da su a 2018, musamman don daɗewarsu a muhalli da taruwarsu a jikin halittu. Suna fi fita ne a zafi mai yawa da kuma cikin maiƙo. Saboda haka kwanon gashi na silikon da zai yi rabin awa a obin cike da ƙullu mai mai ya fi buƙatar taka-tsantsan fiye da cokalin da ke shiga miya ya fito.

Akwai rubutun da bai kamata ya burge ki ba. "Babu BPA" ba wani yabo ba ne ga silikon, tunda dama can ba a amfani da BPA wajen yin sa, sinadarin wasu nau'o'in roba masu tauri ne. Sannan in kika ga haruffan TPE ko TPR, to ba silikon ba ne, roba ce mai laushi da ke kama da shi a ido da hannu amma ba ta jure zafin kasko. A ƙarshe ki duba sunan kamfani da adireshinsa. Kayan da babu wanda ya yarda ya sa sunansa a kansu, babu wanda za a tuhuma idan sun ɓaci, kuma araha ba ta ado.

Mataki na biyar: gwada da hannu da hanci

Idan kayan suna gabanki, fara da shinshinawa. Silikon mai kyau kusan ba shi da wari. Warin taya, ko na fenti, ko wani ɗan tsami-tsami mai hawa kai, alama ce ta ragowar sinadari ko gauraye. Sai ki shafa shi: ya kamata ya yi santsi amma a bushe, ba danƙo, ba maiƙo, ba wata hoda da ke biyo yatsa. Goga farin ƙyalle mai ɗan danshi a jikinsa ki ga ko launi zai fita.

Akwai gwajin da ya yi suna, wato a matse gefen silikon a murɗa shi, in wurin ya yi fari a ce an cika shi da gauraye. Gwajin yana da ɗan amfani, domin kayan da aka cusa wa hoda mai yawa don a ƙara musu auki suna yin farin sosai. Amma ba hukunci ba ne. Kusan duk silikon da ake ƙera kaya da shi akwai garin silika a cikinsa, shi ne ke ba shi ƙarfi, kuma wani mai kyau ma yana ɗan yin haske in an tale shi da ƙarfi. Haka nan wanda bai yi fari ba yana iya kasancewa ba a yi masa gashi na biyu ba. Ki ɗauki gwajin a matsayin abin da ke ƙara zargi ko rage shi, rubutun jikin kwali da warin kayan su ne a gaba.

Gwajin da ya fi tabbatar da cewa abu silikon ne shi ne na wuta, sai dai yana lalata kaya. In aka yanki ɗan ƙanƙanin gefe aka kara masa ashana, silikon yana yin farar toka mai rugurgujewa ba tare da ya ɗiga ba, roba kuwa tana narkewa, ta ɗiga, ta yi baƙin hayaƙi. Wannan sai a gida, a waje inda iska ke kaɗawa, kuma a kan abin da kika riga kika yi shakkarsa.

Mataki na shida: dubi ƙirar

Silikon shi kaɗai ba shi da ƙashi, don haka ana sa wa cokali wani abu mai tauri a ciki, ko ƙarfe marar tsatsa ko nailan. Mai ƙarfe ya fi nauyi da ƙarfi, kuma zafi ba ya lanƙwasa shi. Mai nailan ya fi sauƙin ɗauka, amma juriyarsa a kan ta nailan ɗin take tsayawa, ba ta silikon da ke waje ba. Riƙe mariƙin ki danna bakin cokalin a tafin hannu. Wuyan ya kamata ya tsaya ƙyam, baki kaɗai ne zai ɗan lanƙwasa. Cokalin juyi da wuyansa ke sunkuyawa zai zubar miki da abinci rabin hanya tsakanin kasko da faranti. Bakinsa kuma ya kasance siriri, mai gangare, yadda zai iya shiga ƙarƙashin ƙwai ba tare da ya tura shi gaba ba. Yawancin cokulan silikon marasa kyau a nan suke faɗuwa: baki mai kauri kamar leɓe.

Sai batun haɗi. Mafi kyau shi ne wanda aka zuba shi guda ɗaya daga kai har mariƙi, babu tsagi, babu inda aka liƙa. Masu mariƙin katako suna da kyan gani da daɗin riƙo, amma a daidai inda katakon ya shiga silikon ruwa da maiƙo suna maƙalewa, kuma nan ne baƙin funfuna ke fara tsirowa ba tare da an gani ba. In dai sai irinsa kike so, nemi wanda kan yake cirewa, kuma ki ɗaura niyyar cire shi duk wanki, ki bari ɓangarorin biyu su bushe kafin ki mayar. Duba kuma layin da ke zagaye da gefen cokali inda ƙirar ta haɗu. In akwai ɓalli-ɓallin silikon da ba a gyare ba, ko ƙananan ramuka, ko inda ƙarfen ciki yake neman leƙowa, aikin gaggawa ne, ajiye shi.

Tsawo ma abin dubawa ne. Don tukunya mai zurfi ko suya, santimita 30 zuwa sama ya fi, don hannu ya yi nesa da tururi da fantsamar mai. Launi kuwa son rai ne, sai dai fari da masu haske suna nuna tabon tumatir da kurkum, masu duhu suna ɓoye shi. Wasu na ware launi ɗaya don kayan zaƙi, wani don abinci mai yaji, kuma dabara ce mai kyau tunda silikon yana riƙe wari.

Mataki na bakwai: shirya sabo kafin ya shiga abinci

Wanke shi da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke, ki ɗauraye sosai. Sai ki tafasa ruwa a tukunya ki jefa shi ciki na minti 5 zuwa 10, ban da mariƙin katako. In ruwan ya sauya launi, ko maiƙo ya taso a sama, ko wari ya ƙaru, kada ki yi girki da shi.

Kwanonin gashi da tabarmar obin, waɗanda silikon ne zalla, suna buƙatar ƙarin mataki. Sa su a obin babu komai a ciki, a digiri 200 in dai rubutunsu ya nuna suna jure hakan, na tsawon awa ɗaya ko fiye, har zuwa awa 4 ga wanda kike shakka. Buɗe taga a lokacin. Abin da kike yi shi ne gashi na biyun nan da mai yiwuwa masana'anta ba ta ƙarasa ba. Bayan sun huce ki sake wankewa. Kada ki yi wa cokali mai nailan a ciki ko mai katako wannan gashin.

Mataki na takwas: amfani da wanki

Kada ki bar cokali kwance a cikin kaskon da ke kan wuta babu abinci, kuma kada mariƙi ya leƙa inda harshen wutar gas ke tasowa ta gefen tukunya. Kada ki yanka komai a kan tabarmar silikon ko cikin kwanonsa, ƙaramin tsagi ɗaya yana buɗewa a hankali har ya yage. A durowa ma ki raba shi da wuƙaƙe.

Wanki shi ne inda mutane suka fi kuka da silikon. Maiƙo yana manne masa, kuma ruwan sanyi ba ya fitar da shi, sai a wayi gari cokali yana danƙo. Maganinsa ruwa mai zafi da sabulu mai yanke maiƙo, da soso mai laushi, ban da soson ƙarfe. In danƙon ya riga ya zauna, kwaɓa bekin soda da ɗan ruwa ki shafe shi, ki bari ya bushe a jiki, sannan ki wanke da ruwan zafi. Farin dusa-dusan da kan fito bayan ya bushe yawanci gishirin ruwa ne, jiƙa shi a ruwa da binega rabi da rabi na rabin awa yana kawar da shi. Injin wanke-wanke ba ya cutar da silikon, amma sabulunsa mai ƙamshi yana iya kama jikinsa har a ji a abinci, don haka marar turare ya fi.

Warin albasa ko tafarnuwa da ya ƙi fita da wanki, zafi ne ke korarsa. Wanke kayan ya fita daga maiƙo, ki sa shi a obin a digiri 120 na minti 20, ki fito da shi ki shinshina bayan ya ɗan huce, in da saura ki mayar. Tabon launi kuwa ba ya cutarwa, kuma shanya kayan a rana na yini ɗaya ko biyu yana rage shi.

Mataki na tara: lokacin rabuwa, da makomar tsofaffin robobi

Silikon mai kyau yana shekaru, amma ba ya dawwama. Ki rabu da shi idan ya tsage ko ya yage, idan abin da ke cikinsa ya fito fili, idan danƙonsa ya ƙi tafiya bayan wanki da soda, ko idan wani wuri ya yi fari ya bushe yana marmashewa, alamar wuta ta ci shi. Wasu kamfanonin da ke ƙera shi suna karɓar tsofaffi su sake sarrafawa, yana da kyau a duba shafinsu na intanet kafin a jefa a shara.

Robobin da kika ware a mataki na farko kuwa, waɗanda suka narke ko suka tsattsage su tafi, kada a miƙa wa wani ya ci gaba da girki da su. Masu sauran lafiya za su iya komawa aikin da babu zafi: ɗibar gari ko hatsi, haɗa abin sanyi, ko ma aikin shuka da ɗibar sabulun wanki. In za ki sa wani a aikin da ba na abinci ba, ɗaura masa zare a mariƙi ko ki yi masa alama da fenti, don kada wani a gidan ya wanke shi ya mayar cikin cokulan girki.